Famfunan Lourdes da shagunan kwalabe: abin da na tarar a hidimar ruwan da masu ziyara ke ɗaukowa

Tun kafin mu bar Kaduna a watan Mayun 2023, saƙon da ya fi yawa cikin waɗanda aka ɗora mini na ruwa ne. Matan Zumunta na cocinmu, da maƙwabta, da 'yan uwan da suka kira daga ƙauye, kowa ya gama yi mana addu'ar sauka lafiya sai ya ƙara da cewa kada mu manta da tsarabar ruwa mai tsarki na Lourdes. Na raka gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara saba'in kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, don haka duk abin da zan faɗa a nan na gan shi ne da idon mai tura keken mara lafiya, wanda ke lura da tudu da gangare da tsawon layi fiye da yadda mai lafiya zai lura. Kwana huɗu muka yi a garin, kuma a cikinsu na yi hulɗa da ɓangare biyu da ke kula da wannan ruwa: hukumar wurin ibadar da ke bayar da shi kyauta, da 'yan kasuwar cikin gari da ke sayar da abin zuba shi. Na farko ya cika alkawari har ya wuce abin da na zata, na biyun kuwa sai da taka tsantsan.

Lourdes ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Faransa, a gindin duwatsun Pirenis da suka raba ƙasar da Sifaniya, kuma kogin Gave de Pau ya ratsa shi. A bakin wannan kogi akwai kogon dutse da ake kira Massabielle, inda wata yarinya 'yar talakawa mai shekara 14, Bernadette Soubirous, ta ce Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta sau 18 tsakanin 11 ga Fabrairu da 16 ga Yulin 1858. A bayyana ta tara, ranar 25 ga Fabrairu, aka umarce ta da ta sha daga maɓuɓɓuga ta kuma wanke fuskarta, alhali babu wani ruwa a wurin sai laka. Ta tona ƙasa da hannunta, ta kurɓi ruwan taɓo har mutanen da ke kallo suka ɗauka ta zautu, daga nan ruwan ya ci gaba da ɓulɓulowa yana ƙara haske, kuma bai ƙafe ba har yau. Bishop na Tarbes, wanda Lourdes ke ƙarƙashinsa, ya amince da bayyanar a 1862, Bernadette ta rasu a Nevers a 1879, Paparoma Pius na XI ya sa ta cikin tsarkaka a 1933.

Akwai wani abu a tarihin da ban taɓa lura da shi ba sai da Fadan da ya jagorance mu ya tsaya a kansa a daren farko, kuma shi ne ya gyara mini fahimta game da saƙon da na ɗauko daga gida. A bayyana ta biyu, ranar 14 ga Fabrairu, kafin a san da wata maɓuɓɓuga, Bernadette ta zo kogon ne riƙe da ruwa mai tsarki da ta ɗebo daga cocin garinsu, ta yayyafa wa abin da take gani domin ta tabbatar ko daga Allah yake. Ashe ita kanta ta san ruwa mai tsarki daban, wanda ta tona daga baya kuma daban. A koyarwar Ikilisiyar Katolika, ruwa mai tsarki shi ne wanda firist ko dikon ya yi wa addu'ar albarka, wani lokaci a haɗa shi da ɗan gishiri don tunawa da yadda annabi Elisha ya gyara ruwan Yariko a Littafin Sarakuna na Biyu. Ba ya cikin sakramenti bakwai; yana cikin alamun da Ikilisiya ta kafa domin su shirya zuciyar mai bi ta karɓi alheri, kuma babban aikinsa shi ne tuna wa Kirista baftismarsa. Shi ya sa ake ajiye shi a ƙofar coci mutum ya tsoma yatsu ya yi alamar gicciye, shi ake yayyafa wa jama'a a farkon wasu Misa ana rera baitin Zabura ta 51, da shi ake sa wa gida ko mota ko rosari albarka, da shi ake yayyafa wa akwatin gawa, kuma shi ake kwashewa daga ƙofofin coci bayan Misar Alhamis mai Tsarki har sai an albarkaci sabo a daren Ista. Ruwan Lourdes kuwa ruwan maɓuɓɓuga ne da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, babu wanda ya yi masa addu'ar albarka kafin ya iso famfo, darajarsa ta fito ne daga wurin da abin da ya faru a wurin. Tun a 1858 wani masanin sinadarai na Toulouse mai suna Filhol ya gwada shi, ya tarar ruwan sha ne mai kyau irin na duwatsun yankin, ba shi da wani sinadarin magani na musamman.

Abin da ya fara burge ni shi ne hukumar wurin ba ta ɓoye wannan magana. Ban ga wani allo ko takarda a cikin harabar da ta kira ruwan magani ba, masu hidimar da na yi magana da su ma ba su taɓa yi mini alkawarin warkewa ba. Maɓuɓɓugar kanta tana can cikin kogon ta hannun hagu, an rufe ta da gilashi an haska ta da fitila, masu ziyara suna wucewa a jere cikin shiru suna shafa dutsen da hannaye suka goge har ya yi santsi kamar sabulu. Daga nan ake jan ruwan zuwa ma'ajiya, a rarraba shi zuwa famfuna. An ware famfunan sha da wanke fuska daga waɗanda ake cika jarka, kuma wannan tsari ne mai hikima, domin ba don haka ba da mai neman kurɓi ɗaya ya tsaya bayan mai jarka biyar. Ba a karɓar ko sisin kwabo, ba a ƙayyade wa mutum yawan da zai ɗiba, babu mai tsaye da kwanon baiko a gefen famfo. Ruwan yana da sanyi sosai, ba shi da wari ko ɗanɗano. Ƙasan wurin shimfiɗaɗɗe ne, keken gwaggo ya isa har bakin famfo ba tare da na nemi taimako ba, sai dai yakan jiƙe saboda yawan masu ɗiba, don haka tsoho mai sanda ya taka a hankali. Da rana, musamman bayan an tashi daga babbar Misa, cunkoso yakan yi yawa. Da muka gane haka sai muka koma zuwa da sassafe, lokacin da ba ka jin komai sai ƙarar kogi da ta ruwa yana zuba cikin jarka.

Wurin wanka shi ne zuciyar hidimar, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ginin yana gaba da kogon kaɗan, yana da kwamin wanka 17, ɓangaren maza daban na mata daban, kuma a da ana nutsar da mai ziyara ne cikin ruwan da sanyinsa ke kusa da digiri 12. Annobar korona ta sa an dakatar da nutsarwar a 2020, aka maye gurbinta da wata 'yar gajeriyar ibada wadda ke kwaikwayon abin da Bernadette ta yi, wato wanke hannu da wanke fuska da sha, kuma wannan muka tarar. Sai a 2024 aka fara dawo da nutsarwa. Ban ɓoye wa kaina cewa na ji ba daɗi da farko ba, domin gwaggo ta shekara tana maganar wankan, har ta ɗinka zane na musamman saboda shi. Amma sabon tsarin yana da wata fa'ida da tsohon ba shi da ita, wato iyali suna iya shiga tare, namiji da mace, don haka ban rabu da ita a ƙofa ba.

Mun jira kusan minti arba'in a kan benci ƙarƙashin rumfa, ana jan rosari cikin harsuna daban-daban, kuma da masu hidima suka ga keken sai suka matsar da mu gaba, domin a Lourdes mara lafiya ne ke kan gaba a kowane layi. Waɗannan masu hidima 'yan sa kai ne na ƙungiyar Hospitalité Notre-Dame de Lourdes da aka kafa a 1885, da kuɗinsu suke zuwa, hutunsu na shekara suke kashewa a kan wannan aiki. Mata biyu ne suka karɓe mu a wani ɗan ɗaki mai labule, ɗaya dattijuwa ɗaya matashiya, a gabanmu ga kwamin dutse da ƙaramin siffar Maryamu. Dattijuwar ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na gwaggo, ta tambayi sunanta, ta ce mu yi shiru mu ɗora abin da ke zuciyarmu a gaban Allah, kuma kada mu yi hanzari. Sannan ta ɗauko buta ta zuba ruwa a tafin hannun gwaggo, sanyin ya sa ta ɗan janye, ta sake miƙawa ta murza yatsunta da suka lanƙwashe. Aka sake zubawa ta wanke fuska, ruwan ya gangaro ta haɓarta ya jiƙa bakin ɗankwalinta, aka zuba na uku ta sha. Ta juyo ta ce mini, "Ɗana, ka roƙe ta ta zuba mini kaɗan a gwiwa." Na faɗa wa matar ina tsoron za ta ce ba ya cikin tsari, amma sai ta yi murmushi, ta cika tafin gwaggo ta bar ta ta shafa da kanta, ta tsaya riƙe da butar har gwaggo ta gama addu'arta da Hausa, addu'ar da ta ambaci sunan kowane ɗa da jika a cikinta. Babu wanda ya dubi agogo. Na yi jinya da gwaggo a wurare da yawa, kuma ban taɓa ganin baƙin da ba su san ta ba, ba su jin harshenta, sun girmama ta haka ba.

Gwiwar gwaggo ba ta warke ba, kuma ina faɗin haka a fili domin Lourdes ɗin ma ba ta jin kunyar faɗin irinsa. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a cikin harabar da ke binciken duk wanda ya ce ya warke, yana neman takardun asibiti na kafin ziyara da na bayanta, yana jiran shekaru ya ga ko ciwon zai dawo, kafin maganar ta je ga kwamitin likitoci na ƙasa da ƙasa sannan ga bishop ɗin mai warkewar. Cikin rahotanni kusan 7,000 da aka shigar, a 2018 ne aka amince da na 70 a matsayin mu'ujiza, na wata sista 'yar Faransa mai suna Bernadette Moriau wadda ta warke a 2008. Wurin da miliyoyin mutane ke ziyarta kowace shekara, amma ya yarda ya tsaya a kan ƙaramin adadi irin wannan, ya cancanci a amince da shi, kuma a ganina wannan tsantseni yana cikin ingancin hidimar kamar yadda tsabtar famfo take ciki.

Da mutum ya fita ƙofar harabar sai yanayi ya sauya. Titunan da suka gangaro zuwa wurin ibadar cike suke da shaguna a jere, kusan kayansu iri ɗaya: rosari, kyandir, lambobin wuya, hotuna, da kwalaben roba kala-kala. Wadda ta fi shahara ita ce kwalba mai siffar Maryamu, wadda murfinta shuɗin kambi ne, sai jarkoki farare masu hoton kogon, daga ƙanana har masu cin lita biyar. Sayar da kwalba ba laifi ba ne, mai ziyara yana bukatar abin zuba ruwa, kuma yawancin 'yan kasuwar da na shiga wurinsu sun yi mini mu'amala ta mutunci, wata ma ta nuna mini da kanta jarkar da murfinta ya fi kamawa ko da yake ba ita ce mafi tsada ba. Farashi yana sauka gwargwadon nisan shago daga ƙofa, don haka wanda ya yi haƙuri ya hau tudu kaɗan zai rage kashe kuɗi.

A wani shago guda ne na gamu da abin da ya ɓata mini rai. Na shiga neman ƙananan kwalabe ashirin na rabo, mai shagon ya nuna mini wasu da aka riga aka cika, kuɗinsu ya ninka na waɗanda babu komai a ciki, ya ce in ɗauki waɗannan domin an riga an sa musu albarka, ba sai na wahalar da kaina ba. Na tambaye shi wane firist ne ya sa albarkar, sai ya kauce ya ce duk ruwan Lourdes mai tsarki ne. Wannan magana ta yi mini nauyi ta fuska biyu. Idan ba a sa wa ruwan albarka ba, to ya faɗi abin da ba haka ba ne don ya ƙara riba; idan kuwa an sa, to ƙara kuɗi saboda albarkar ya saɓa wa koyarwar Ikilisiya, wadda ta haramta cinikin abubuwan ruhaniya tun daga labarin Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni. Ga shi kuma famfon da ake ɗiba kyauta bai fi tafiyar minti biyar daga ƙofar shagonsa ba. Na tuna da tsofaffin matan da ke cikin ayarinmu, waɗanda suka tara kuɗin tafiyar da adashi kuma ba su da harshen yin tambaya, na san da yawa irinsu za su biya cikin farin ciki. Na sayi fanko a wani wuri na cika da hannuna.

Ingancin kwalaben ma ba ɗaya ba ne. Cikin masu siffar Maryamu guda shida da na saya, biyu sun yi yoyo tun a masauki, domin kambin ado ne kawai, zarensa ba ya kamawa da kyau. Ɗaya ta tsiyaye gaba ɗaya a cikin jaka ta jiƙa mini takardu. Wanda zai kai ruwa nesa gara ya zuba shi a jarka mai murfi biyu, ya naɗe bakin da salatif, ya sa a leda mai kauri, ya bar kwalaben ado fanko sai ya isa gida ya cika su. Ya kuma tuna cewa a yawancin filayen jirgi ba a shiga cikin jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a kwalba ɗaya a jakar hannu, don haka jarkar sai cikin babban akwati, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a sikeli. Wasu cikin ayarinmu sun cika jarka uku-uku, suka ƙare da zubar da rabi a filin jirgi saboda nauyin kaya, abin da ya sa wata baiwar Allah kuka. Lita biyar ta ishe ni duk rabon da na yi.

Da muka dawo, maƙwabcinmu Musulmi ya shigo yi wa gwaggo barka da sauka, ya ga jarkar ya ce wannan ai kamar zamzam ɗin da alhazai ke kawowa ne, kuma ta fuskar tsaraba da ɗokin da ake yi wa mai dawowa ya yi gaskiya. Amma abin da ya fi damuna ya fito ne daga cikin cocinmu. Wata uwa da nake girmamawa, mai fama da hawan jini, ta karɓi kwalbarta da hannu biyu ta ce daga yau ta huta da ƙwayoyin asibiti. Na durƙusa na ce, "Mama, don Allah kada ki bar maganinki. Gwaggo ma da ta sha a bakin maɓuɓɓugar tana nan tana shan nata." Na gaya mata cewa a Lourdes ɗin kanta marasa lafiya suna zuwa ne da likitocinsu da nas-nas, kuma masaukinsu yana nan cikin harabar, babu mai ce musu su jefar da magani. Katikisim, wato littafin koyarwar Ikilisiya, ya kira shi camfi idan mutum ya jingina ƙarfin addu'a ko wata alama mai tsarki ga aikata ta kawai ba tare da halin zuciya ba, kuma ruwa, ko na ƙofar coci ko na Massabielle, yana iya zama laya a hannun wanda bai sami mai yi masa bayani ba. A nan ne nake ganin mu masu ɗauko shi muke da alhaki fiye da mai shagon da na yi ƙorafi a kansa, domin mu ne muke miƙa shi ga mutanen da suka yarda da mu.

Ga wanda ke shirin zuwa, hidimar ruwa ta cikin harabar ta cancanci kowace wahala ta hanya, musamman idan da mara lafiya ko tsoho zai je, kuma ba ta bukatar ya kashe komai bayan kuɗin jarka. Shagunan kuwa a shige su da ido buɗe, a gwada murfi kafin a biya, a ƙi duk kwalbar da aka ƙara wa kuɗi da sunan albarka. Wanda yake son ruwansa ya zama ruwa mai tsarki a ma'anar Ikilisiya, firistoci suna ko'ina a harabar kuma suna sa albarka kyauta, ko ya bari sai ya dawo gida. Mu haka muka yi. Ranar Lahadin da ta biyo bayan dawowarmu na kai ragowar jarkar wurin Fada bayan Misa, ya yi mata addu'a a gaban matan Zumunta, ya ɗauki minti goma yana bayyana musu bambancin ruwa mai tsarki da ruwan Lourdes, wanda shi ma ya ce ba a cika yin wa'azi a kansa ba, sannan aka zuba kashi ɗaya a mazubin ƙofar coci. Gwaggo ta riƙe kwalba ɗaya daga cikin huɗun da ba su yi yoyo ba, tana ajiye da ita a kan taga kusa da ledar magungunanta, kuma kowace safiya takan ɗiga kaɗan a yatsa ta yi alamar gicciye kafin ta haɗiye ƙwayoyin.